Ba cajarka ce ta cinye batirin iyafis ɗinka ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban adaidaita sahu ne, ina jigila tsakanin Kabuga da Bata. Wata tara ke nan da na sayi iyafis marar waya, irin mai ɗan gida da ake mayar da su ciki su yi caji. Da farko yana kai ni awa biyar, yanzu da ƙyar yake yin awa ɗaya da rabi, kuma na hagu ne ke fara mutuwa. Da cajar wayata mai saurin caji nake jona shi, in akwai wuta nakan bar shi ya kwana a jone. Abokan aikina sun ce cajar ce ta ƙona batirin. Gaskiya ne? In na sayi wani, yaya zan riƙe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya tsare hanya.

Na daɗe ina gyaran waya da kayan sauti a Kano, kuma irin wannan ƙorafin naka kusan kullum sai an zo mini da shi. Cajar da ake zargi, in ta kirki ce, ba ita ce mai laifin ba. Abin da ya ci batirinka abu biyu ne: yawan aikin da kake sa shi, da zafin wurin da kake ajiye shi. Na biyun ne ya fi damuna, domin shi ne wanda mutane ba sa kula da shi ko kaɗan.

Sai ka fara sanin girman abin da muke magana a kai. Batirin wayar da ke aljihunka yana kai 5000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ke nan), in irin na yanzu ce. Na cikin iyafis guda ɗaya kuwa tsakanin 30 ne zuwa 60, girmansa bai wuce maɓallin riga ba. Gidan da kake mayar da su shi ma yana da nasa batirin, galibi 300 zuwa 500. Dukansu dangin lithium ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma aka bai wa mutum uku da suka assasa shi kyautar Nobel a 2019. Wannan batirin yana da ƙidayayyen kwana. Duk lokacin da ka cika shi ka sauke shi gaba ɗaya, ya yi zagaye ɗaya ke nan, kuma bayan zagaye 300 zuwa 500 ƙarfinsa kan koma kusan kashi 80 cikin 100 na yadda ya zo. Daga nan sai dai ƙasa.

To yi lissafin kanka. Mai adaidaita yana fita tun bayan asuba, ba ya komawa sai bayan isha. In iyafis ɗin na kunnenka kana jin karatu ko rediyo ko amsa kiran fasinja, a rana ɗaya za ka cinye cajinsa sau biyu. Wata tara kwana 270 ne, sau biyu ya ba ka zagaye 540. Ma'aikacin ofis da ke sa nasa awa ɗaya da yamma sai ya shekara uku bai kai nan ba. Ke nan wani ɓangare na abin da kake gani tsufa ne kawai, kuma ba ka yi laifin komai ba. Amma tsufan zagaye kaɗai ba zai sauko da awa biyar zuwa ɗaya da rabi ba. Ya kamata a ce har yanzu yana ba ka uku da rabi ko huɗu. Ragowar da ta ɓace, rana ce ta cinye ta.

Ban ga adaidaitarka ba, amma na san inda direbobi ke ajiye gidan iyafis: a gaba, gindin gilashi, ko cikin ɗan akwatin ƙarfen da ake zuba canji, wani lokaci ma a jone da cajar mashin ɗin. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa. Abin da ke bayan gilashi rana na dukan sa kai tsaye yana iya kaiwa 60, balle baƙin roba da ke zuƙar zafi. Kamfanin Apple, a bayanin da ya bayar kan iyafis ɗinsa mai suna AirPods, ya ce a yi amfani da su tsakanin digiri 0 zuwa 35, a ajiye su a inda bai wuce 45 ba. Sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da wannan ba, tunda sinadarin duk ɗaya ne. Ka ga tun kafin ka jona caja, bazararmu ta riga ta tsallake iyakar da aka gindaya.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ƙwayoyin lithium suna kai da kawo ne tsakanin ɓangarori biyu na batirin, in ana caji su koma can, in ana amfani su dawo nan. A kowane zuwa da dawowa wasu kaɗan daga cikinsu sukan maƙale a jikin ɓangare ɗaya da aka yi da wani irin gawayi, su zama wani ɓawo da ba ya komawa aiki, kamar yadda ƙanzo ke taruwa a gindin tukunya. Ƙanzon nan ba a kankare shi. Zafi kuma shi ne wutar da ke ƙara masa kauri, har masu ilimin sinadarai suna kwatanta cewa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin irin wannan lalacewar. Mafi muni shi ne zafi ya haɗu da cikakken caji. Batirin da ke cike taf, wato wajen bolt 4.2, a takure yake, in aka ƙara masa rana sai tsufansa ya yi gudu. Iyafis kuwa haka aka gina shi: da zarar ka mayar da shi gida, gidan zai cika shi zuwa 100 ya riƙe shi a haka. Waya kana iya zare ta a 80, shi wannan ba ka da wannan damar, sai a wasu masu tsada irin AirPods Pro da ke tsayawa a 80 su jira lokacin da ka saba ɗauka. Tunda ba za ka iya hana shi cika ba, abin da ke hannunka shi ne hana shi zafi. Ka sa gidan a aljihun rigarka na gefe ko cikin jaka a ƙarƙashin kujera, nesa da injin. Aljihu ma da ɗumi, amma bai kai rabin azabar gindin gilashi ba. Kuma kada ka yi caji da tsakar rana a cikin mashin. Caji da kansa yana haifar da ɗumi, ga na gari, sun zama biyu.

Yanzu batun caja. Mutane suna ganin an rubuta 33W ko 45W a kan caja sai su ɗauka duk wannan wutar za ta ɗura wa ɗan ƙaramin abu. Ba haka take aiki ba. Caja mai saurin caji tana farawa ne da bolt 5, ba ta ƙarawa sai na'urar da aka jona ta nemi ƙari ta hanyar wata 'yar magana da suke yi ta cikin kebul. Gidan iyafis ba ya nema. Yana jan abin da yake buƙata ne, wanda bai fi wat biyu ko uku ba, ya bar sauran. Kamar famfon da ke haɗe da babban tanki ne, girman tankin ba ya sa kofi ya fashe. Haka nan kwana a jone: akwai ɗan guntun na'ura a cikin gidan da ke yanke wuta in batir ya cika.

Sai dai wannan maganar ta cajar asali ce. Abokan aikinka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin kasuwa cike take da kan caja na jabu, mai tambarin babban kamfani a waje, ciki kuwa ba komai sai 'yan tarkace. In ka ɗaga shi za ka ji shi sakayau. Irin wannan ba ya riƙe bolt 5 daidai, kuma in an kawo wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa, ko janareta ya yi tangal-tangal, abin da ya shigo masa shi yake miƙawa. Na sha buɗe gidan iyafis in tarar da na'urar cajin ta ƙone ƙurmus, in na tambaya sai a nuno mini caja ta 'yan kuɗi kaɗan. Araha ba ta ado. Don haka ni shawarata ita ce ka daina barin sa ya kwana a jone, ba don batirin zai cika ya fashe ba, sai don wutarmu ba ta da tabbas cikin dare, kuma ba ya buƙatar hakan. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi. Ka jona shi in ka dawo gida, kafin ka kwanta ka zare. In kana da tsohuwar caja ta asali mai 5V 1A, irin ta ƙananan wayoyi, ware masa ita, ta fi komai dacewa da shi, musamman in iyafis ɗin na masu sauƙin kuɗi ne da ba a san ingancin kayan cikinsu ba.

Wurin masu cajin kuɗi kuma, ba na hana kowa, domin sana'a ce da ke rufa wa jama'a asiri a unguwannin da wuta ke wuya. Amma ka dubi teburin: wayoyi hamsin a jibge, kowace tana fitar da zafinta, ga kwano a sama, ga janareta a gefe. Wannan ba mazaunin ƙaramin batir ba ne. Gara ka ba su fawa banki su cika maka, kai kuma ka ciyar da iyafis daga gare ta a gida, a inuwa. Wutar fawa banki a daidaice take, ba ta hawa ba ta sauka. Abu ɗaya za ka lura da shi: da yawansu sukan kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, suna ɗaukar ba a jona komai ba. Sai ka dawo ka tarar bai yi caji ba, ka zaci ya lalace. Wasu suna da tsarin ƙaramin caji da ake shiga ta danna maɓallin sau biyu a jere. Duba takardar taka.

Akwai kuma wani abin da ke rikita mutane tun da kebul mai baki iri ɗaya gaba da baya ya yawaita, wato USB-C a duka kawunan. Wasu gidajen iyafis masu araha sam ba sa caji da shi, saboda an tsallake wasu 'yan ƙananan kaya guda biyu da ke sanar da caja cewa an jona abu. Ba lalacewa ba ce. Ka koma kebul mai faffaɗan kai ɗaya, irin wanda ya zo a kwalinsa.

Na hagu da ke riga ɗan'uwansa mutuwa, ruwa ba ya tsami banza. Kafin ka yanke cewa batirinsa ne, duba ƙafafun caji. A gindin kowane iyafis akwai 'yan ɗigo biyu na ƙarfe, a cikin gidan kuma akwai 'yan tsinkaye masu ruwan zinare da ke taɓa su. Ta nan kaɗai wuta ke shiga. Kai da ke yini a titi, ƙurar hunturu da hayaƙi da gumi da dattin kunne duk suna taruwa a nan. Gumi yana da gishiri, gishiri kuma yana cin ƙarfe har ya yi kore-kore. Sai ka mayar da iyafis gida, fitila ta kama, ka ɗauka yana caji, alhali taɓawar rabi-rabi ce, ya tashi da kashi 40 ɗan'uwansa na da 100. A cikin waɗanda ake kawo mini da wannan matsalar, masu yawa da auduga kawai nake sallamar su. Ka samo audugar goge kunne, ka ɗan jiƙa ta da sifirit, ba sharkaf ba, ka goge ɗigon da tsinkayen a hankali, ka bar su su sha iska minti biyar. Kada ka sa allura ko reza, za ka kankare rufin ƙarfen ne tsatsa ta samu ƙofa. Ka ɗan danna kowane tsinke da tsinken sakace ka ga yana shiga yana dawowa, domin akwai ɗan sifirin a ƙarƙashinsa da datti kan riƙe.

In ka goge bai canja ba, to akwai dalili na biyu. A yawancin masu sauƙin kuɗi, guda ɗaya ne ke ɗaukar nauyin magana da waya, ko kuma makirufonsa ne ke aiki lokacin kira, don haka ya fi ɗayan wahala. Kira ya fi sauraro cin batir. Sannan mu da kanmu mukan fifita kunne ɗaya. In na hagu kake yawan sawa shi kaɗai, ya yi zagaye ninkin na dama, dole ya riga shi tsufa.

Wannan ya kawo ni kan shawarar da na fi so ka ɗauka, kuma ba don batir kaɗai nake ba ka ita ba. In kana tuƙi, sa guda ɗaya kawai, ɗayan yana gida. In ya yi ƙasa ka musanya. Kowanne zai yi rabin aikin da yake yi yanzu, kwanansu ya ƙaru, ba za ka taɓa rasa mai caji ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci, kunnenka ɗaya yana buɗe ga hon ɗin mota da kiran fasinja da ke cewa a sauke shi. Rayukan mutane ne a bayanka. In naka yana da tsarin toshe hayaniyar waje, kashe shi a kan titi, yana cin batir kuma yana rufe maka abin da ya kamata ka ji. Ƙarar ma ka rage ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗi kan yadda sauti mai ƙarfi na tsawon lokaci ke kashe ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Wataƙila mai shagon ya ce maka ka yi masa cajin awa takwas kafin ka fara amfani, ko ka riƙa bari ya mutu murus kafin ka jona. Wannan tsohon karatu ne daga zamanin batirin nikel na wayoyin farko, kuma a lokacinsa yana da hujja. Ga lithium kuwa cutarwa ce. Ya fi son a ɗan ci a ɗan mayar. In ya yi maka ƙarar gargaɗi a wajen kashi 20, mayar da shi gida, kada ka matse shi sai ya ɗauke. Gidan ma kada ka bari ya kai sifili ya kwana biyu a haka, domin iyafis ɗin da ke ciki suna ci gaba da tsotsa kaɗan-kaɗan, wasu ma in gidan ya mutu sai su farka su haɗu da waya su ƙarar da kansu. Batirin lithium da ya faɗi ƙasa da wajen bolt 2.5 ya daɗe a nan, sau da yawa ba ya tashi, in ya tashi ma bai da aminci. Mutane sukan jefa nasu a durowa wata shida su dawo su tarar da gawa. Wanda zai yi doguwar tafiya ya bar shi, ya bar gidan da rabin caji a wuri mai sanyi, in akwai mai jona shi duk bayan wata biyu, ya fi.

Ruwa ma ka kiyaye. In ka ga IPX4 a kwali, ma'anarsa yana jure gumi da yayyafi, ba wanka ba, kuma galibi iyafis ɗin ake nufi ban da gidan. Inda na fi ganin ɓarna shi ne wajen alwala: mutum ya cire da jiƙaƙƙen hannu ya jefa a gida ya rufe, ko ya shafi kunne ya mayar nan take. Danshi a kan ƙarfen da wuta ke bi shi ne tsatsa mafi sauri. Cire su kafin ka taɓa buta, ka bari kunne ya bushe. In ruwan Agusta ya dake su, kada ka mayar da su gida, kada ka shanya a rana ko kusa da murhu, ka goge ka bar su a iska kwana ɗaya.

In ka tashi sayen wani, ko a kasuwar waya ta Farm Centre ne ko ta titin Beirut ko Sabon Gari, ka tuna batir yana tsufa ko a cikin kwali. Wanda ya shekara biyu a shago, ko wanda ake yawo da shi a baro cikin rana, ya riga ya ci wani abu daga kwanansa. Duba ranar ƙira a jikin kwalin in akwai. A buɗe a gabanka, in ya zo babu ɗigon caji ko kaɗan, nemi wani. Kada manyan lambobin da ake bugawa a kwalin marasa suna su ruɗe ka, gidan da bai kai kwalin ashana biyu ba ba zai ɗauki 2000 mAh ba. Nemi sunan da aka sani, mai garanti da rasit, ko Oraimo ne ko Samsung ko wani, gwargwadon aljihunka. Amma ga mai aiki irin naka ba na ba da shawarar zuba kuɗi masu yawa, domin mai tsada da mai matsakaicin kuɗi duk batirinsu ƙarami ne kuma a manne yake da gam. Canja shi aiki ne mai wuya, a wasu ma sai an fasa jikin, kuɗin gyaran kan kusa kuɗin sabo. Da kulawa, shekara biyu abu ne mai yiwuwa a hannunka.

Wanda ke hannunka yanzu, fara da gogewar nan, ka cika shi, ka sa duka biyun ka duba agogo ka ga awa nawa kowanne zai yi. In na hagu ya farfaɗo ya kamo na dama, datti ne. In bai farfaɗo ba, ci gaba da lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya har Allah ya hore na sabo. Amma in ka ga gidan ya kumbura, ko murfin ya daina rufuwa daidai, ko yana zafin da hannu ba ya jurewa lokacin caji, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, daina jona shi daga ranar, kada kuma ka sa shi a kunne. Kada ka huda shi, kada ka bar wa yara su yi wasa da shi, ƙaramin yaro yana iya haɗiye batirin kuma wannan maganar asibiti ce ta gaggawa. Kada ka jefa shi a bola, tunda bolarmu wuta ake cinna mata, lithium kuwa in ya ji wuta fashewa yake. Sa shi a gwangwani da ɗan yashi, in ka bi ta wajen masu gyaran waya ka miƙa musu.